Ƙululun da Hajiya ta Hana a Yanka

Ni na fara ganinsa, ba shi ba. Wata Juma'a ce, maigidana yana tsaye a bakin ƙofar ɗaki yana kokawa da maɓallin wuyan rigarsa, ya ƙi shiga. Na ajiye abin da nake yi na zo in taya shi, sai yatsana ya sauka a kan wani ɗan ƙululu a gefen wuyansa na dama, kamar an cusa gurjiya a ƙarƙashin fata. Na danna, ya ɗan zame ya dawo.

"Da zafi?" na ce.

"Ko kaɗan. Ƙaluluwa ce. Ke dai ɓalla min in tafi, kar liman ya hau mumbari ina nan ana yi min awo."

Na ɓalla masa ya fita. Amma ni na san ƙaluluwa, na raini yara. Takan biyo ciwon haƙori ko gyambo, ta yi zafi, ta baje idan abin da ya kawo ta ya warke. Shi kuwa haƙoransa lafiya lau, jikinsa ko ƙwarzane babu.

Muna zaune ne a gidansu na gado a Sheshe, can cikin lungun da ko adaidaita ba ta iya shiga. Sashe biyu ne a gidan, namu da na mahaifiyarsa, Hajiya. Shi ne ɗan autanta, har ya yi furfura a gemu Auta take ce masa. Yayansa ya yi gida a Dukawuya, sai dai ya zo gaisuwa. Sana'ar maigidana wake ce tun yana saurayi: ya saya da kaka, ya jibge a soro, ya fitar idan kasuwa ta nema.

Ƙululun bai baje ba. Aka sha na kemis, bai ji ba. Aka je wani ƙaramin asibiti, suka ce mai yiwuwa tarin fuka ne irin mai kama wuya, suka ɗora shi a kan magani mai sa fitsari ya yi ja. Ya sha shi wata da watanni bai tsallake rana ba, don ni nake miƙa masa kafin karin kumallo. Ɗaya ya zama biyu, biyu suka zama jeri kamar 'ya'yan carbi. Da safe in tarar da matashinsa sharkaf, singiletinsa sai na matse, alhali ba zafi ake yi ba. Tazugen wandonsa kullum ƙara tsawo yake. Ga ƙaiƙayi, ya yi ta susar ƙwaurinsa har fatar ta yi fari. Da 'yan ƙaramin asibitin suka ga haka, suka ce wannan ya fi ƙarfinsu, mu tafi babba.

Likitan da muka samu a can dattijo ne mai magana a hankali. Ya daɗe yana taɓa wuyan, ya sa hannu a hammata, ya danna ciki, sannan ya zauna ya shiga tambaya. An taɓa ƙara masa jini? Ya taɓa yin shawara, ko an taɓa ce masa yana da ciwon hanta? Gyambon ciki fa? Ciwon gaɓɓai mai daɗewa? A dangi akwai wanda ya yi irin wannan? Mata nawa ya taɓa aura?

"Likita," in ji maigidana, "irin wannan bincike, 'yarka za ka ba ni ne?"

"Da wannan wuyan? Sai ka warke tukuna." Bai ko ɗago ba. "Mece ce sana'arka?"

"Wake."

"Me kake sa masa don ƙwari?"

Maigidana ya ce ɗan magani ne kawai, kamar kowa. Likita ya juyo gare ni. Na ji kunya, amma na faɗa. Akwai na gari, wanda yake barbaɗawa ya cuɗa da hannu har gwiwar hannunsa ta yi fari. Akwai na ruwa, da yake sirkawa a bokiti ya fesa wa buhuna, babu safar hannu, babu abin rufe hanci. A cikin soro ake yi, ƙofa a rufe don kar iska ta kwashe ƙarfin maganin. Kuma a soron yake ƙailula, a kan buhunan, wai ya fi ko'ina sanyi. Warin ya riga ya zama warin gidanmu, sai baƙo ne yake shigowa yana toshe hanci.

"Tun yaushe ake haka?"

"A haka na same shi," na ce.

Likita ya ajiye biro. Ya ce ba don son jin sirrin gida yake tambaya ba. Ƙaluluwa kowa yana da ita a jiki, aikinta tare cuta. Amma akwai ciwon da yake kama ita kanta, kuma an fi ganinsa ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, ko mai ɗauke da wasu cututtukan hanta ko na ciki, ko wanda ya daɗe yana cuɗanya da irin waɗannan magungunan ƙwari. Wani kuma ya same shi ba tare da ko ɗaya daga ciki ba. Don haka za a ɗebi jini a duba hanta, a duba ƙanjamau. Babban abin kuma, sai an ɗan tsaga wuyan an ciro guda ɗaya an kai ɗakin bincike. In ba haka ba, ba zai san abin da zai yaƙa ba.

Da ya ambaci ƙanjamau, ni da maigidana kowa ya sami inda ya kafa wa ido. Ban taɓa zarginsa ba, shi ma bai taɓa zargina ba, amma kalmar nauyi ne da ita. Aka ɗebi jinin, aka sa mana ranar tsagawa, muka dawo gida.

Maigidana ba ya ko sauya shago sai ya gaya wa Hajiya, balle a taɓa jikinsa. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya yi bayani. Ta ce in dai tsagawa ce, me ya kai mu asibiti, ga wanzamin gida? Tsoho ne, shi ya yi wa 'ya'yanmu duka askin suna. Washegari ya zo da zabirarsa, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ina daga madafa ina kallo. Ya bi wuyan da babban yatsa, guda bayan guda. Ya daɗe. Bai buɗe zabirar ba.

"Hajiya, wannan ba na sakiya ba ne, babu ruwa a ciki. Allah ne masani, amma ni daji nake gani. Daji kuwa kin sani, ba ya son ƙarfe. Ni dai askata ba za ta hau ba."

Duk wanda ya tashi a cikin gari ya san maganar nan. Ana cewa daji a kwance yake, da zarar aska ko allura ta taɓa shi sai ya farka ya bazu a jiki. Ni ma da ita na tashi. A sakandare an koya mana wani abu daban, na kuma rubuta shi a jarrabawa na ci, amma a ranar nan, da ludayi a hannuna, ban iya rantsuwa wanne na fi yarda da shi ba.

Hajiya ba ta yi kuka ba. Ta jira wanzami ya fita, ta ce, "Auta, matso." Ya matsa. "Ka dai ji da kunnenka. In ka bari aka sa maka ƙarfe a wuyan nan, aska ce ko allura, ban yafe ba."

"To, Hajiya."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ranar da aka sa mana ta zo ta wuce, yana soro yana juya buhuna.

Yaya ya kawo magani daga wajen wani mutum da aka yaba masa, na sha da na shafawa, wanda ake kwaɓawa da man shanu. Ni nake dafa na shan, kuma ban taɓa dafa shi da raini ba. Da bisimilla nake ɗorawa, da addu'a nake saukewa, ina fatan a wayi gari ni ce ba ni da gaskiya. Na shafawar kuwa Hajiya ba ta yarda da hannun kowa ba. Kullum da hantsi zai zauna a gabanta kamar yaro, ta shafe wuyan tana motsa baki. Matan unguwa suna shigowa dubiya, kowacce da labarin wanda aka yi wa aiki bai tashi ba. Babu mai labarin wanda aka bari a gida. Ina kawo musu ruwa, ina amsa gaisuwa.

Karɓo sakamakon jini dai ba ƙarfe ba ne, da wannan na lallaɓa shi muka koma. Muka zauna a gaban likita. Ya ce babu ƙanjamau. Na ji maigidana ya sauke numfashi, ya yi hamdala ƙasa-ƙasa. Amma akwai ƙwayar ciwon hanta, irin wadda mutum kan ɗauka tun yana ƙarami ya rayu da ita bai sani ba. Ni da yara ma sai an duba mu. Ya ce gara da aka gano, domin in ta kama a yi magani mai ƙarfi, dole a fara tsare hantar.

Sannan ya dubi wuyan, ya ga baƙin maganin da aka shafa, ya dubi mai wuyan.

"Ba ka zo ba."

"Mahaifiyata ta hana. Ta ce daji ne."

"Mai yiwuwa tana da gaskiya, abin da nake tsoro ke nan. Amma Malam, dajin ƙaluluwa kala-kala ne, kowanne da maganinsa, kuma da yawa suna jin magani in an zo da wuri. Ba zan ɗura maka magani da ka ba. Aska ba ta watsa shi. Mutanenmu ba sa zuwa sai ya gama bazuwa, in an yi aiki aka rasa mutum sai a ce aikin ne."

Na tambaye shi ko maganin waken ne ya jawo. Ya ce ba zai iya rantsuwa ba, babu kuma likitan da zai iya a kan mutum ɗaya. Amma ko shi ne ko ba shi ba, a fitar da buhunan daga inda ake kwana ake tashi, ya kuma daina taɓa maganin da hannu. Wannan kam maigidana ya yi, don bai ci karo da maganar Hajiya ba. Aka kwashe su zuwa wani shago a bakin titi. Ni da yara aka duba mu, Allah ya tsare, aka yi mana rigakafi. Duk abin da likita ya ce an yi, ban da guda ɗaya.

Amma tun a ranar, a hanyar dawowa, mun tsaya a cunkoso wajen Ƙofar Ɗan Agundi, na kasa haƙuri. Na rage murya don kar mai adaidaita ya ji.

"Malam, ka tambayi malamai mana. Biyayya ga uwa ba ta kai inda mutum zai bar kansa ya halaka ba."

"Jiya likita, yau mai fatawa. Ashe babbar kadara na ajiye a gida."

"Ba wasa nake ba."

Motoci suka fara motsawa. Sannan ya ce, "Na san hukuncin, ba shi ne ya dame ni ba. Ki duba. In na bi maganarta na mutu, za ta ce kwana ne ya ƙare, ta yi haƙuri kamar kowace uwa. In na saɓa mata aka yanka na mutu, da 'ban yafe ba' muka rabu ke nan. Tsohuwar nan da me za ta ƙarasa rayuwarta?"

"Ni fa? Yaran fa?"

Ya kama hannuna ta ƙarƙashin hijabi ya riƙe, abin da bai taɓa yi a waje ba.

Daga nan ciwon ya sauya salo. Ya riƙa tashi da fuska a kumbure, idanu sun ƙanƙance. Jijiyoyi suka fito raɗa-raɗa a ƙirjinsa. Murya ta dishe, ga busasshen tari. Ba ya iya kwanciya rigingine sai na tara masa matasai. Wani ƙululun ya fito a hammata. Hajiya ta ce maganin ne yake tattaro ciwon waje ɗaya kafin ya fitar da shi. Yaya ya ce allurar ɗibar jinin nan ce ta tsokano shi, ya faɗa yana kallon inda nake.

"Ai an ce kar a taɓa. Amma gidan da akwai 'yar boko, sai an gwada."

"Yaya, an ɗebi jinin nan kafin Hajiya ta yi magana," na ce.

"Au, har an riƙe? To likita, a yi haƙuri, mu jahilai ne."

Na haɗiye. Na san shi ma tsoro ne yake cinsa. Na sha ganinsa in zai tafi ya tsaya a soro shi kaɗai, ya cire hula ya goge ido da ita.

Abin da su biyun ba su sani ba shi ne sujada. In ya sunkuya ya kai goshi ƙasa, sai jini ya taru a fuskarsa ta yi baƙi, numfashi ya tsaya masa a maƙoshi. Ya daina zuwa masallacin bakin lungu, mutumin da liman kan waiwayo ya nema in bai gan shi a sahun gaba ba. Ya koma salla a ɗaki, a zaune a kan kujera yana nuni da kai, labule a sake. Ya ce wa Hajiya jiri ne yake ɗan damunsa in ya yi tafiya. Ni kuma ya ce min, "Kar ki kuskura ta sani."

Na riƙe maganar iya ƙarfina. Ina tuƙa tuwo, kunnena yana ɗaki. In na ji shiru ya yi yawa in saki muciya in leƙa. Yara suka koyi tafiya a hankali ba wanda ya ce su yi. Wata rana bayan azahar ina goge masa baya, na ji wata 'yar ƙara tana fita tare da numfashinsa, siririya, kamar iska ta ramin ƙofa. Na ajiye tsumman, na yi alwala, na yi nafila, na roƙi Allah ya zaɓa min kalmomin da ba za su ɓata ba. Sannan na nufi ɗakin Hajiya.

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa shiga ɗakin nan da maganar da ta wuce gaisuwa da me za a dafa ba. Tana zaune a tabarma tana tsinkar zogale. Na durƙusa.

"Lafiya, 'yar nan?"

"Hajiya, roƙo na zo yi."

"In maganar asibiti ce, tashi."

Ban tashi ba. Ta ci gaba da tsinka, ni kuma ina kallon saƙar tabarma. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Kina ganin ba na son sa ne? Ƙanwata, wadda muke ciki ɗaya, a nono ya kama ta. Ni na kai ta. Kowa ya ce kar a kai, na ce sai an kai, ni mai wayewa. Aka yanka. Ba ta ga wani azumin ba. Ni na yi mata wanka da hannuna, na ga abin da ƙarfe ya yi. Ba zan kai na biyu ba."

Ban taɓa jin labarin nan ba, ina jin shi ma maigidana rabinsa ya sani. Na so in tambaye ta tsawon lokacin da ƙanwar ta yi da ciwon kafin a kai ta, amma na ga ba ranar tambayar ba ce.

"Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Hajiya, ban zo in ja da ke ba. Abu ɗaya nake roƙo. In an kira la'asar ki zo ɗakinmu ki ga sallarsa."

Hannunta ya tsaya. "Me ya sami sallar tasa?"

"Ki dai zo ki gani."

Aka kira la'asar. Ya yi alwala da ƙyar, na gyara masa kujera ta fuskanci gabas. Sai ga ƙarar sandar Hajiya a kan siminti. Ta ɗaga labule ta shigo, ɗakin da rabonta da shi tun haihuwata ta ƙarshe. Ya dube ta, ya dube ni. Kallon nan har yau ina jinsa a jikina.

"Kujerar mece ce wannan?" in ji ta.

"Ba komai, Hajiya. Kaya ake ɗorawa."

Ya ture kujerar da ƙafa, ya shimfiɗa sallaya, ya ta da kabbara a tsaye. Ban yi zaton haka ba. Na ɗauka zai zauna ta gani, shi ke nan. Ga shi ya shiga salla, babu halin in yi magana. Ya yi karatu ƙafafunsa suna rawa. Ya yi ruku'u, na ji ƙarar nan ta ƙaru. Ya ɗago. Sannan ya tafi sujada.

Goshinsa ya taɓa ƙasa. Na ga ƙeyarsa da kunnuwansa suna rinewa. Na ga yatsunsa sun damƙe sallaya. Ya yunƙura zai ɗago, bai iya ba. Ya sake yunƙurawa, sai ya kife ta gefe, baki a buɗe yana neman iska, babu.

Ban san lokacin da na isa ba. Na tallafo shi na jingina shi da ƙirjina don ya miƙe zaune, ina kiran sunan Allah. Hajiya ta yar da sanda ta rarrafo, tsohuwar da sai an kama ta take tashi. Ta riƙe fuskarsa da hannu biyu.

"Auta. Auta, dube ni."

Iskar ta riƙa dawowa kaɗan-kaɗan, da ƙara kamar ana jan tsohuwar ƙofa. Da ya iya magana, abin da ya fara cewa shi ne, "Santsi ne."

"Rufe min baki." Ta juyo gare ni. "Tun yaushe?"

"Ya kwana biyu, Hajiya."

Fuskarsa tana hannunta, ƙumbunanta duk baƙin maganin da ta shafa da hantsi.

"Ina ta tsaron ƙarfe," ta ce, kamar da kanta take magana, "ashe ya hana ka kai goshi ƙasa." Sannan ta ɗaga murya yadda zai ji sosai. "Maganar da na yi na janye ta. Ka ji ni? Na yafe maka duniya da lahira. A yanka. Ko me Allah ya yi, na yafe." Ta dube ni. "Ke kuma kin tsaya kallona. Kira yayansa."

Yaya ya zo yana haki, bai yi maganar boko ba. Shi da maƙwabta suka ɗauke shi a zaune a kan kujera har bakin titi, don a kwance ba ya iya numfashi. Mata suna leƙowa ta soraye suna Allah ya sawwaƙe. A asibiti aka ba shi gado, aka sa masa iska a hanci. Hoton ƙirji ya nuna akwai wani a ciki, babba, shi ne yake danne hanyar jini da ta numfashi in ya sunkuya. Likita bai yi mana faɗa ba. Ya ce kawai a shirya shi da safe.

Da muka ragu mu biyu maigidana ya ɗaga robar hancin ya ce, "Kin tona ni."

"Na tona."

"Na ce kar ki faɗa."

"Ban faɗa ba. Cewa na yi ta zo."

Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. Na mayar masa da robar.

Hajiya ta ce da ita za a yi. Ta zauna a benci a ƙofar ɗakin tiyata, carbi a hannu amma ba ta ja. Ko barci ba su sa shi ba, wajen kawai suka kashe. Ba a daɗe ba wata nas ta fito da 'yar kwalba, da wani ɗan abu a cikin ruwa, bai kai ƙwallon dabino ba. Hajiya ta tsayar da ita ta ce a nuna mata. Ta kai shi dab da ido.

"Wannan ne duka?"

"Shi ke nan, Mama."

Hajiya ta mayar mata da kwalbar.

Bayan an ciro suka fara ba shi wani magani na rage kumburi, numfashin ya ɗan saki. Sakamako kuwa sai an jira. A kwanakin jiran nan kullum sai Yaya ya kawo Hajiya. Ba ta gaisawa da kowa sai ta fara zuwa ta ɗaga gefen filasta ta leƙa, nas tana faɗa, ita ko a jikinta. Na san abin da take jira ta gani: wajen ya buɗe, ya yi baki, ya fara ci. Ni ma in ta kai hannu sai na riƙe numfashi, duk da sakandaren tawa. Wajen ya bushe. Aka cire zare, ya bar ɗan siririn tabo.

Ranar da sakamako ya fito, an dace Hajiya ta tafi alwala. Likita ya zauna a bakin gado ya ce sunansa limfoma, dajin ƙaluluwa ne, irin mai saurin girma. Amma irinsu ne kuma sukan ji magani. Bai yi mana alkawarin komai ba. Ya ce aikin na watanni ne: magani ta jijiya, a yi a huta a sake yi, gashi zai zube, za a sha amai da kasala, ga maganin hanta da zai fara sha tun a ranar.

Da ya fita na ce, "Me za mu ce mata?" Tsorona kar ta ji sunan ta dawo da maganarta. Tsaga ɗaya ta yarda da ita, a cikin firgici. Ba ta san akwai allura bayan allura a gaba ba, kuma in ta sake hanawa, na san wanda nake aure.

"Gaskiya," ya ce. "Na gaji da ɓoyo."

Ta dawo tana dogara sanda, ruwan alwala bai bushe a fuskarta ba. Ta dube shi, ta dube ni.

"Ya fito ke nan."

"Ya fito, Hajiya. Daji ne."

Ta zauna a hankali, ta jingine sandar da gado.

"Ai na faɗa muku."

"Kin faɗa."

"To maganin fa?"

"Allura ce, Hajiya, ta jijiya. Ba ɗaya ba, ba biyu ba."

Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata. Ina jin mai gadon kusa yana tari, ina jin ana tura keken marasa lafiya a baranda. Can ta miƙa hannu ta taɓa tabon da ke wuyansa, ta bi shi da yatsa daga wannan baki zuwa wancan.

"Yaushe za su fara?"

"Jibi, in Allah ya kai mu."

"Me ya hana gobe?"